Asalin Zumuɗi

Jikata Tasalla ce ta ɗora min aikin.
Na ce mata, rage zumuɗi, tuwon ba gudu zai yi ba.
Ta tsame hannu daga kwano, ta ce,
Kaka, shi zumuɗin nan ɗan wane gari ne?
Wa ta haife shi?

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran rubutu
a wata maɗaba'a a Kakuri.
Ni ke bin layi ina sa wa haruffa ƙugiya,
don kada ɗoki ya wayi gari ya zama doki
a sa masa linzami.
Amma ban taɓa tsayar da kalma
na tambaye ta gidan ubanta ba.

Na ɗauko ƙamus ɗin da gara ta ci bangonsa.
Ya ce ɗoki, ya ce zaƙuwa, ya ce rawar jiki.
Ya jero min 'yan ɗakinsu,
ya yi shiru a kan uwar.

Sai na sa takalmi.

Jatau mai gyaran rediyo a Tudun Wada
bai ko ɗago daga dalmarsa ba.
Daga zuma ne, in ji shi.
Ka taɓa ganin yaro ya hango saƙa tana ɗiga?
Yawu ya riga hankali isa wurin.

Barau tela a Kasuwar Barci ya ce ƙarya ne,
ya cire allura daga baki don ya ji daɗin musu.
Zumu ne tushen, Malam.
Ba a ce zumunta a ƙafa take ba?
Ka hango naka ya sauko daga jirgi a Rigasa,
kafin ka ce wa ƙafa tashi,
ta yi taku uku ba da izininka ba.

Iya Kande, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a masaƙa
kafin a garƙame ƙofar ciyawa ta gaje injuna,
ta yi dariya har da tari.
Ku maza da son nisa.
Zumbur ne.
Ranar albashi in jiniya ta yi kuka,
mu ɗari huɗu, zumbur, kamar an tsikare mu da tsinke ɗaya.
Ragowar kalmar kuwa,
ƙarar ƙirji ce kafin a kai gaban akawu.

Ba mai hujja a cikinsu,
kuma kowa ya rantse min.

Na hau keke mai ƙafa uku muka ƙetare gada.
Kogin ya cika ya yi ja, yana ture ciyayi,
bai tsaya an tambaye shi inda ya faro ba.

Na iso gida bayan magariba, unguwa duhu,
kwana tara ke nan da taransifoma ta ƙone.
Na zauna a tabarma ina shirya yadda zan ce
ban samo ba, 'yar nan,
wasu kalmomin marayu ne, a hannun jama'a suka girma.

Sai ƙwan fitila ya ƙifta.
Ya ƙifta kuma.
Ihu ya tashi daga bakin masallaci,
ya bi layi gida gida,
yara, karnuka, fankar maƙwabta mai ƙugi.
Ban san sa'ad da na miƙe ba.
Na yi fatali da butar alwala,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a tsakar gida,
ina laluben wayar rediyo a bango
da hannu mai rawa,
ni da gwiwata ke neman alfarma kafin ta lanƙwashe.

To ga shi nan.
Ba a littafi aka haife shi ba,
a ɗan tsakanin nan ne
da ke raba ganin ido da shawarar zuciya,
kuma kullum sabuwar haihuwa yake.

Tasalla na bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu.
Kaka, ta ce, rage zumuɗi,
wutar ba gudu za ta yi ba.

Na ce za ta yi, yarinya.
Wannan kam za ta yi.